Lamba Ɗaya na Ɗakin Ɓeraye

A ɗakin ajiya na cibiyar binciken tsufa, can ƙarshen baranda a hawa na ƙasa, akwai kwalaye goma sha huɗu cike da ƙananan katuna. Kowane kati na ɓera ɗaya ne. A samansa an rubuta ranar haihuwa, a ƙasansa ranar mutuwa, a tsakani kuma nauyinsa mako-mako. Katunan sun haura dubu talatin, kuma duk wanda ya zauna ya bi su zai gane cewa hannu ɗaya ne ya cike su cikin shekara ashirin da bakwai, da wani rubutu mai kwanciya zuwa dama. Mai wannan hannu shi ne mutumin da kowa a cibiyar, tun daga mai gadi har shugaba, yake kira Mai Ɓeraye. Abin da ke biye na tattaro shi ne daga bakinsa, da bakin matarsa da babbar 'yarsa, da kuma takardun cibiyar da aka ba ni izinin dubawa.

Ɗan kafinta ne, kuma shi ne babba a gidansu. Mahaifinsa bai yi wata cuta mai suna ba. Tsufa ne kawai ya zo masa da wuri, ya kuma zauna. Da farko guduma ce ta fara suɓuce masa, daga baya gwiwoyi suka ƙi, sannan ya kwanta. Shekara tara ya yi a kan gado ɗaya, a ɗaki ɗaya. Babban ɗan ne ya bar makaranta ya riƙa juya shi, yana ɗaukarsa zuwa bayan gida, yana yi masa wanka. Ya gaya mini cewa nauyin tsohon bai taɓa damunsa ba, don a ƙarshe bai fi yaro nauyi ba. Abin da ya kasa mantawa shi ne yadda mahaifin yake juya fuska ga bango duk lokacin da ake wanke shi, har a gama.

Bayan rasuwar tsohon ya yi aiki a gonar kaji na wasu shekaru. Yana da shekara talatin da huɗu aka ɗauke shi a cibiyar, aka miƙa masa makullin wani ɗaki marar taga.

Ɗakin yana da kantoci shida na ƙarfe, kowace kanta jere da akwatunan roba masu murfin waya. Fitila tana kunna kanta tana kashe kanta, sanyin ɗakin kuma ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kullum da safe yakan sauya takalmi a bakin ƙofa, ya sa farar riga da safar hannu, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ya sauya dusar katakon da suke kwana a kai, ya cika kwalaben ruwa, ya auna abinci, ya ɗaga kowane ɓera ta gindin wutsiya ya ɗora a sikeli. Ana amfani da ɓera a irin wannan bincike ne saboda rayuwarsa ba ta wuce shekara biyu zuwa uku, don haka mai bincike yana iya ganin ƙuruciya da tsufa da mutuwa a kan kanta ɗaya, ba tare da shi ma ya tsufa yana jira ba.

Matarsa ta ce shekara ashirin da bakwai bai shafa turare a ranar aiki ba, wai ƙamshi yana tayar wa ɓerayen hankali. Ƙanenta, wani direban babbar mota wanda bakinsa ba ya shiru, yakan ce duk duniya ana sayen guba saboda ɓera, sai mijin yayarsa ne kaɗai ke kai masa ruwa a kwalba, har ya tambaye shi yadda ya kwana. Mai Ɓeraye yakan amsa da cewa ko ba komai su ba sa zuwa gidan mutum daidai lokacin cin abinci.

A shekararsa ta biyar a wurin aka fara gwajin da ya sa sunan cibiyar ya fita. Jagoran gwajin wani matashin masani ne, wanda daga baya ya zama farfesa, ya kuma shugabanci cibiyar, don haka da Farfesa zan kira shi. An raba ɓeraye gida biyu. Wasu suna cin abinci daga jan buhu, wasu daga shuɗi. A ɗaya daga cikin buhunan akwai maganin da ake zaton yana rage saurin tsufa, amma ba a gaya wa Mai Ɓeraye ko wanne ne ba, don kada son zuciya ya shiga aikin.

Bayan shekara uku Farfesa ya tattara katunan waɗanda suka mutu ya duba. 'Yan shuɗin buhu, waɗanda su ne masu cin maganin, sun fi 'yan ja daɗewa, amma da 'yan makonni kawai. Masu ɗaukar nauyin binciken suka ce wannan bai kai abin da za a ci gaba da wahala a kansa ba. Wata safiya Farfesa ya sauko ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a fara shirin kwashe kantocin.

A nan ne Mai Ɓeraye ya nuna masa wani abu da ya daɗe yana yi don kansa. Tun yana jinyar mahaifinsa ya san cewa tsufa a hannu yake fara bayyana. Saboda haka duk ranar awo, idan ya gama, yakan ɗora ɓera a kan murfin waya, ya kife murfin a hankali a saman tulin dusa, ya duba agogon hannunsa ya ga sakan nawa ɓeran zai yi yana rataye kafin ya saki. Yana rubuta adadin da fensir a bayan katin, inda ba wanda ke dubawa. Ya ɗauko tsofaffi biyu masu wata ashirin da takwas. Na jan buhu ya yi sakan huɗu ya faɗo. Na shuɗi ya wuce sakan arba'in, har yana ƙoƙarin hawowa ta gefe.

"Yallaɓai, kwana kuke ƙirgawa," in ji shi. "Ni kuwa ina ganin yadda suke ƙarewa. 'Yan ja sai sun yi wata uku a kusurwa, ba sa iya kai baki ga kwalba, ni nake jiƙa musu abinci. Waɗannan kuwa a tsaye suke mutuwa. Yau yana hawan waya, gobe ka tarar da shi."

Farfesa ya zauna a ƙasa, a kan sumunti, da fararen kayansa, ya riƙa juya katuna yana karanta fensirin har azahar. Gwajin bai mutu ba. Da ya tashi fita, ya tambayi Mai Ɓeraye me yake so a yi masa. Shi kuwa ya ba shi labarin mahaifinsa, ya ce abu ɗaya yake roƙo: ranar da maganin ya kai ga mutane, a sa shi a ciki.

"Kai ne lamba ɗaya," in ji Farfesa. "Ko ni sai dai in bi bayanka."

Daga ranar sunan ya bi shi. Idan baƙi suka zo daga ƙasashen waje, Farfesa yakan sauko da su, ya dafa kafaɗarsa ya ce ga Lamba Ɗaya. Da aka buga sakamakon binciken, an bayyana gwajin rataya dalla-dalla, ba a ambaci wanda ya ƙirƙiro shi ba. 'Yarsa, wadda a lokacin take karatun jinya, ta nuna masa. Ya ce suna a takarda ba ya ɗaga mutum daga gado, shi ya riga ya karɓi nasa. Sau biyu tsohon ubangidansa na gonar kaji ya aiko a kira shi ya zo ya riƙe gonar gaba ɗaya, sau biyu ya ƙi. Ya ce alkawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa shi ma sai ya tsaya inda mai kayan zai same shi.

A gida ba kowa ne ya gamsu ba. Surukin nasa direba ya sauya masa suna zuwa zakaran gwajin dafi, yana tambayar ko shi ma ta wutsiya za a ɗaga shi. Matarsa kuwa abin ya fi damunta ta wata fuskar. Takan ce kwana ƙirgagge ne, ba likitan da zai ƙara wa mutum numfashi ɗaya, kuma ba ta son ya tsufa yana jiran abin da ke hannun mutum ɗan'uwansa. Yakan ce da ita bai taɓa neman ƙarin kwana ba, ranar da aka rubuta masa tana nan inda take. Abin da yake nema shi ne ya isa ranar da ƙafarsa, kada wata rana 'yarsa ta wanke shi yana kallon bango.

Shekara goma sha tara aka yi tsakanin alkawarin da amincewar hukuma a gwada maganin a jikin mutane. Yana da shekara sittin da ɗaya, saura huɗu ya kai lokacin ajiye aiki. Za a ɗauki masu lafiya daga shekara hamsin da biyar zuwa sittin da biyar, don haka yana tsakiyar waɗanda ake nema.

Farfesa ya kira shi ofis, abin da bai saba yi ba, ya sa aka kawo masa kujera. Ya ce akwai 'yar matsala: doka ta hana ma'aikacin cibiya shiga gwajin cibiyarsa, don kada a ce an tilasta masa. Amma ƙofa ba ta rufe ba. Idan ya ajiye aiki da kansa kafin a buɗe rajista, ya zama mutumin gari kamar kowa. Mai Ɓeraye ya tambayi wa zai kula da ɗakin. Farfesa ya ce kada wannan ya dame shi, ya yi wa ɓeraye iya abin da za a yi, lokaci ya yi da zai yi wa kansa.

'Yarsa, wadda zuwa lokacin ta shekara goma tana aikin asibiti, ta tambaye shi ko Farfesa ya rubuta masa wannan magana, ko kuwa ya nuna masa takardar sharuɗɗan gwajin. Matarsa ta ce ranar ce kaɗai ta ga ya ɗaga wa yarinyar murya. Ya ce mutumin da ya zauna a ƙasa tare da shi ba sai ya rubuta masa komai ba, kuma idan ita ta saba da duniyar da ba a yarda da kowa sai da tambari, shi ba a cikinta ya girma ba. Washegari ya rubuta takardar ajiye aiki da hannun nan nasa mai kwanciya zuwa dama. Tana nan a fayil ɗinsa, layi huɗu ce.

An yi masa taron bankwana a ɗakin taro, aka ba shi agogon bango. Mako shida bayan tafiyarsa motoci suka sauke sababbin kantoci daga ƙasar waje, masu ba da ruwa da abinci da kansu, masu auna nauyi da motsin kowane ɓera ba tare da hannun mutum ba. Mai gadi ne ya ba shi labari. Mai Ɓeraye ya ce madalla, ashe ba a bar ɓerayen haka ba.

Ranar rajista ya tashi bai ci komai ba, don sanarwa ta ce za a ɗebi jini. Ya shafa turare. 'Yarsa ta ɗauki hutu ta raka shi. Shi ne na farko a layi tun kafin a buɗe ƙofa, kuma ya yi ta gaisawa da masu shara da masu gadi da suna. Matar da ke teburin rajista sabuwa ce, ba ta san shi ba. Ta tambayi shekarunsa, ta tambayi ko yana shan wani magani, sannan ta tambayi ko ya taɓa aiki a wannan cibiya. Ya gyara zama ya ce shekara ashirin da bakwai, kuma maganin da za su bayar a hannunsa ya girma.

Matar ta ajiye biro. Ta juyo da takardar sharuɗɗan ta nuna wa 'yar wani layi a shafi na uku. Ba ma'aikaci kaɗai aka hana ba. An hana duk wanda ya yi aiki a cibiyar har sai ya cika shekara biyar da barinta.

'Yar ce ta yi lissafin, shi bai yi ba. Sittin da ɗaya a ƙara biyar, sittin da shida. Ranar da doka za ta sake shi, ya riga ya wuce shekarun da ake ɗauka da shekara guda. Ta buɗe shafin ƙarshe. Akwai sa hannun Farfesa, da kwanan wata: wata huɗu kafin ranar da ya sa aka kawo wa mahaifinta kujera.

Sun hau bene zuwa ofishin. Sakatare ya ce Farfesa yana taro. Mai Ɓeraye ya ce zai jira, ya saba. Sun yi awa uku a kan benci kafin ya fito, da takardu a hammata, ya gan su ya tsaya.

"A'a, Lamba Ɗaya, kai ne a nan?"

"Ni ne, Yallaɓai. An ce sai na yi shekara biyar da barin aiki."

Farfesa ya ce lallai akwai wannan sharaɗi, kwamiti ne ya sa, ba shi ba, kuma takardun suna da yawa, ba kowane layi mutum yake riƙewa ba. Ya ce bai taɓa cewa tabbas ba, ya ce ne ƙofa ba ta rufe ba. Ya ce za a duba, wataƙila a zagaye na gaba a sassauta.

"Tambaya ɗaya zan yi," in ji Mai Ɓeraye. "Ranar da ka ce in ajiye, ka sani ko ba ka sani ba?"

Farfesa ya duba agogonsa ya ce ana jiransa.

"To shi ke nan. Ɓera ma idan za mu cire shi daga gwaji, muna rubuta dalili a katinsa."

'Yar ta ce a hanyar fita sun bi ta gaban tsohon ɗakinsa. An sa gilashi a ƙofar. Ya tsaya ya leƙa na ɗan lokaci, ya ce akwatin ƙarshe a kanta ta biyu dusarsa ta jiƙe, sannan ya wuce. Bai sake taka cibiyar ba.

Wajibi ne in faɗi abin da takardu suka nuna da abin da ba su nuna ba. Sharaɗin shekara biyar ba don shi aka ƙirƙire shi ba, kuma yana da dalili mai kyau. Ko da bai ajiye aiki ba, ba zai shiga gwajin ba. Wannan yana nufin tun ranar da aka sa hannu a takardar, alkawarin ya riga ya mutu, abin da ya rage kawai shi ne a gaya masa. Ba a gaya masa ba. A rahoton wani zaman shugabannin cibiyar, wata biyu kafin ya ajiye, an tattauna sababbin kantocin, aka ce ba za su bar wa mai kula da ɗakin wani aiki ba, aka kuma ce sallamar mutumin da ya daɗe haka, wanda kowa ke ƙauna, za ta tayar da ƙura a tsakanin ma'aikata. Layin ƙarshe na wannan sashe yana cewa: Farfesa ya ɗauki nauyin yi masa magana. Na rubuta wa Farfesa ina neman bayaninsa. Ya amso da cewa yana girmama tsohon ma'aikacin nasa ƙwarai, kuma ba ya iya tuna dalla-dallar hirar da aka yi shekara biyar da suka wuce. Ba ni da hanyar shiga zuciyar mutum. Kwanakin wata dai ga su nan a jere.

Surukinsa direba, wanda ya shekara goma sha tara yana tsokanarsa, shi ne ya fi kowa fusata. Ya ce an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, ya nemi a kai ƙara. Mai Ɓeraye ya hana. Ya ce alƙali yana iya mayar wa mutum aikinsa, amma ba ya mayar da shi ɗan shekara sittin da biyar. Direban bai sake kiransa zakaran gwajin dafi ba, kuma matar Mai Ɓeraye ta ce wannan shirun ya fi tsokanar yi wa mijinta ciwo.

A watan jiya ya cika shekara sittin da shida. An buɗe zagaye na biyu na gwajin, sharuɗɗan ba su sauya ba. Ko maganin zai yi wa mutane abin da ya yi wa ɓeraye, ba wanda ya sani tukuna, kuma shi kansa yakan faɗi haka. Ya ce da an sa shi an ba shi ƙwayar da ba komai a cikinta, da bai yi ƙorafi ba, don ya san haka aikin yake. Da ma an kira shi an ce ba zai yiwu ba, da ya ƙarasa shekarunsa huɗu a ɗakinsa, ya fita da mutuncin mutumin da aka gaya wa gaskiya.

A tsakar gidansa ya kafa wani bututun ƙarfe tsakanin bango biyu, sama da kansa kaɗan. Ran nan da na je da hantsi na tarar yana shirin awo, don sau ɗaya yake yi a mako, kamar yadda ya saba. Ya kama bututun da hannu biyu ya naɗe ƙafafu. Matarsa ce ke riƙe da agogo, tana mita cewa wata rana zai karye ya ja mata aiki. 'Yar tana zaune a bakin ƙofa. Da ya saki ya diro, yana haki, ta ce da shi ya daina wahalar da kansa, ai in ranar ta zo ita tana nan, aikinta ne.

"Na san kina nan," in ji shi. "Shi ne abin."

Ya shiga ɗaki ya fito da kati, irin na kwalayen nan goma sha huɗu, wanda ya ce shi ne kaɗai abin da ya ɗauko ranar da zai bar aiki. Ya juya bayansa ya rubuta adadin da fensir. Na farko a jerin, na shekara biyar da suka wuce, sakan arba'in da ɗaya ne. Na wannan rana kuwa, sakan ashirin da shida ne. Ya ba ni na duba gaban katin. Ranar haihuwarsa tana sama, gurbin ƙasa ba komai. A inda ake rubuta irin buhun da ɓera yake ci, ya rubuta: ja.